Ranar ruwan shuka, maigidana yana gadin kujera

Matso nan kusa ka ji wani abu da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Maigidana planto ne, wato masinja, a wani biro, ofishin gwamnati, a Tasawa, shi ke shara, shi ke kai takardu inda aka aike shi. Gonarmu kuwa tana can wajen Maijirgi. Tsohon shef ɗinsu, wato shugaban biron, ɗan manoma ne, in ruwan shuka ya sauka da kansa yake ce masa, "Tafi ka shuka hatsinka, ka dawo bayan azahar ka yi mini aikina." Aikin biro bai taɓa kwana ba, mu ma rumbunmu bai taɓa zama wayam ba.

Sai fari ya zo, soja suka karɓi mulki, aka kawo sabon shef. Shi wannan ba ya ganin mutum, agogo yake gani. Ana ɗaga tuta da safe a rufe ƙofa, wanda ya makara a bakin aikinsa.

Shekarar nan irin da ya rage mana ɗan kaɗan ne, a tulu na ɓoye shi. Muna cin dusa da ganye, ban taɓa shi ba. Ruwa ya yi ta jan rai, sannan ya sauka mai kyau. To ƙasarmu jigawa ce, ba ta jiran kowa. Kuma shuka aikin mutum biyu ne, namiji na gaba yana sara da sungumi, mace na biye tana zuba iri tana rufewa da diddige.

Na ce, "Malam, ka roƙe shi mana, rabin yini kawai."

Ya je ya roƙa. Shef ya ce gwamnati ba ta san ruwa ba.

Haka na hau amalanke da surukata Inna, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ni ce sungumi, ita ce iri. Maƙwabcin gonarmu ya hango mu ya ce, "Ke, ina mijin? Ko ya zama minista?"

Na ce, "Yana can yana noman kujera!"

Muka yi dariya, amma hannuna duk ya yi kanta, Inna kuma sai ta zauna sai ta tashi. Ko rabin gonar ba mu kai ba rana ta shanye danshin.

Da yamma na tambaye shi, "Malam, me ka yi yau a biron?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na yi shara, na zauna." Wai shef ɗin ma ana gama ɗaga tuta ya shiga mota ya tafi rangadi. Wallahi sai da na ajiye muciya don kada in jefa ta.

Ran Lahadi ya je ya shuka sauran a ƙasar da ta riga ta bushe. Shukar ta ɗan tsiro ta ƙone. Hatsin da muka samu bai kai mu bazara ba, dole na kai ƙaramar ɗiyata garin Kanan-Bakashe wurin yayata ta ci da ita. Tana kuka, ina kuka.

Kai da ka yi lakkwal, ka san boko, don Allah gaya mini, ƙurar biro ce ba za ta iya jira zuwa yamma ba, ko cikin ɗiyata?