Ranar da Harisu Mai Wata Ya Ƙi Cewa Ya Gani

Wai ka taɓa tsayawa a gaban mutanen garinku kaf, kowa leɓensa a bushe, kowa ya zuba maka ido yana jiran ka ce "na gani" a yi Sallah gobe? To abin da ya sami Malam Harisu Auta ke nan a azumin da ya wuce, a Gidan Mahdi, wani ɗan ƙauye can bayan Sandamu.

Shi fa Malam Harisu ba malami ba ne, malam ɗin na girmamawa ne kawai. Igiya yake tufkawa ta ɗaure dabbobi, ranar kasuwa ya ɗaura kayansa a babur ɗin haya ya kai Mai'aduwa, wani lokacin har Kongolam, da damina kuma ya yi ɗan geronsa da wake. Amma in ka shigo garin ka ce Harisu mai igiya ba wanda zai gane, Mai Wata ake ce masa. Tun yana yaro yana bin shanun kawunsa ya kamu da kallon sama, yara na wasa shi yana can ya ɗaga kai, har uwarsa ta taɓa kai shi a yi masa rubutu wai ko iska ce.

In ka zauna kusa da shi yana tufka sai ya ce maka wata tafiya biyu gare shi. Ɗaya ta kowa da kowa ce, ya bi rana da taurari ya gangara yamma. Ɗayar kuma a sace yake yin ta, da baya da baya zuwa gabas. Yau da magariba ka gan shi a saman dalbejiyar masallaci, gobe war haka ya matsa gabas, jibi ya ƙara matsawa, yana ƙiba yana matsawa, har ranar da zai cika ya fito ta gabas daidai lokacin da rana ke faɗuwa. Daga nan sai ya fara makara, yana ramewa yana makara, har ya koma sai da asuba ake ganinsa, siriri kamar yankakken farce. Sai ya shige hasken rana ya ɓace. Wai ɓacewar nan ba tsayawa ya yi ba, wuce rana yake yi, in ya wuce ta sai ya leƙo ta bayanta da magariba. Kuma ranar farko ba ya zama, leƙowa kawai yake ya bi ta, in ka tsaya sosa ƙeya ya tafi.

Akwai wani tsohon dutsen niƙa da ya binne rabi a bakin filin idi, a nan yake tsayawa. Da sanyi jaririn wata ta wajen wata bishiyar kuka yake fitowa, kudu-kudu. Da bazara ya dawo wajen goribar nan mai rassa biyu. Da damina ya haura arewa har ƙarfen sabis. Shekara da shekaru shi ke fara gani, ya nuna wa wani, su biyun a kai su gidan hakimi su yi alwala su dafa Alƙur'ani, don shaidar mutum ɗaya ba a karɓa. Kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba wallahi ko sau ɗaya. Akwai shekarar da gari kaf suka ce sun gani shi ya ce a'a, tauraro ne, suka yi fushi da shi har an daina sayen igiyarsa na ɗan lokaci, bai janye ba.

To ashe idon ya fara tafiya. Ba wanda ya sani sai matarsa Shatu. Ita ma ba faɗa mata ya yi ba, gani ta yi ta miƙa masa kofi ya kai hannu gefe. Tufka ba ta tona shi ba don hannu ya riga ya haddace, hanyar masallaci ƙafa ta haddace, mutane kuma da murya yake gane su. Abu kamar hayaƙi ya rufe masa ido, rana ma sai ya gan ta kamar fitila a bayan zani. Watannin baya yakan ce ƙafa ke ciwo ya ƙi fita duban wata. Amma watan Sallah ina zai ɓuya?

Da azumi ya zo ƙarshe, in sun gama sahur sai ya ce, "Shatu leƙa mini gabas ta kan katanga." Ta leƙa ta ce yana nan siriri. Wata asubar ta ce ya yi ƙasa sosai, da ƙyar ta gan shi. Daga nan ta leƙa babu, washegari ma babu. Ya yi lissafi da yatsu, ya ce, "Yau zai fito. Yana nan tsakanin rassan goriba, kamar na gan shi."

Ta ajiye kwanon hannunta ta ce, "Kamar, Malam. Kamar ka ce."

"To ai na sani."

"Sani daban gani daban. Ni dai ka ce musu zazzaɓi kake, ka kwanta."

"Maigari da kansa zai zo ya ɗauke ni."

"To in ka je, don girman Allah kada ka dafa Littafi a kan abin da idonka bai gani ba. Azumin mutane ne, ba igiya ba ce da za ka warware ka sake."

Ranar ko tufka bai yi ba.

Azumi ashirin da tara, zafi kamar a gasa mutum. Tun kafin rana ta faɗi filin idi ya cika, maza da yara, mata sun hau kan katangu da turame daga cikin gida. Aka kira sallah, aka sha ruwa da dabino a tsaitsaye, aka yi magariba nan a filin da gajerun surori, liman na sallamewa kowa ya juya yamma. Ga wani baƙin gajimare ya kwanta a gindin sama, yana tasowa a hankali. Malam Harisu ya hau dutsensa, aka buɗe masa fili kamar kullum, ya ɗora hannu a goshi. Ja-ja kawai yake gani, da wani dogon duhu da ya san goriba ce.

Can sai Sabiru mahauci ya kurma ihu, "Ga shi! Wallahi ga shi can!"

Aka yi kansa. Ina? Ina? Ya nuna nan, ya nuna can, ya ɓace masa. Wani ya ce, "Kai Sabiru, watan ka gani ko bijimin da ka ɗaure tun shekaranjiya?" Aka fashe da dariya. Sabiru ya ce ko yanzu a kawo Alƙur'ani zai dafa, ya gani da idonsa, ƙiftawa kawai ya yi ya rasa wurin.

Maigari Hussaini ya ɗaga sanda aka yi tsit. Sa'an Malam Harisu ne, tare suka yi kiwo. Ya matso ya ce, "Harisu, mun sami ɗaya. Saura kai."

Maigari ya ƙara matsowa. "Yana nan?"

"Yana nan, ranka ya daɗe."

Kai jama'a, nan fa yara suka fara tsalle, wani har ya ruga zai kai labari cikin gari. Maigari ya zaro waya zai kira gidan hakimi, ya ce, "Alhamdu lillahi. Ka gan shi ke nan. A kawo babur a kai su."

Malam Harisu na tsaye a kan dutsen. Kalma ɗaya ce fa, kuma ya tabbata watan na wurin, ba wanda zai taɓa sani, gobe ma in ya fito babba kowa zai ce ai Mai Wata ya faɗa. In kuwa ya ƙi, yau kowa zai san idon da garin ke taƙama da shi ya mutu. Ga shi kuma watan na gangarawa, gajimare na hawowa.

Ya ce, "Hussaini, mayar da wayar." Ko ranka ya daɗe babu. "Na ce yana nan, ban ce na gan shi ba. Ni ko fuskarka ba na gani. Tun bara."

Wallahi filin nan kamar an yi mutuwa. Wani tsoho ya ce inna lillahi. Maigari ya mayar da wayar aljihu. Daga baya can wani matashi ya ce, "To shi ke nan, gobe ma azumi," wani ya ce masa rufe mana baki.

Malam Harisu ya daka tsawa, "Ina Munzali tela?"

Munzali na can baya ya raɓe, da ma shi bai zo don a ga wata ba, zuwa ya yi ya tabbatar ba a gani ba. Ɗinkin Sallah na mutane jibge a shagonsa, wasu ko yankawa bai yi ba, kwana uku yana wa mutane rantsuwa gobe gobe. Ya ce, "Baba ni kuma? Ni fa idona ciwo yake."

"Mai zura zare a allura da magariba ne idonsa ke ciwo? Ku kawo mini shi!"

Aka turo shi gaba ana dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba. Malam Harisu ya sauko, ya lalubo kafaɗunsa ya ɗora shi a kan dutsen, ya juya shi kamar ana saita akuya a turke.

"Ka ga goriba?"

"Na gani Baba."

"Ka ga inda ta rabu biyu? Miƙe hannunka, dunƙule shi, ɗora gindinsa a kan rabuwar. Kada ka kalli jan, jan zai cinye maka ido. Kalli saman hannunka, ɗan hagu kaɗan."

"Babu komai Baba."

"Gajimaren ya kai ina?"

"Ya kusa taɓa rassan."

"To ya sauko ke nan, ba ya jira. Sauke idonka rabin hannu. Kada ka ƙura, sake idon, kamar ba nemansa kake ba. Ba fari ba ne, kamar zare ne a kan shadda kalarsa, ya kwanta bakinsa sama."

Ba ka jin komai sai kukan wata tunkiya can nesa. Hannun Malam Harisu na kan kafaɗar Munzali, sai ya ji kafaɗar ta ƙage. Ya san telan ya gani. Amma Munzali bai yi magana ba.

A hankali, yadda ba kowa ya ji ba, Malam Harisu ya ce, "Munzali. Ni na faɗi tawa."

Munzali ya ɗora hannu biyu a ka ya ce, "Wayyo Allah na shiga uku, ga shi can. Wallahi ga shi can, ya kwanta. Hajiya Rauda za ta kashe ni, ko wuyan rigarta ban fitar ba!"

Sabiru ya yi tsalle ya hau bayansa ya bi hannunsa da ido, ya ce shi ne, nan ne, nan na gan shi ɗazu! Mutum biyu ko uku suka ce su ma sun hango, kafin na gaba ya hau dutsen gajimare ya rufe wurin ruf. Aka yi ta kabbara. Maigari ya ce tela da ya ga watan Sallah ai ko bai rantse ba a yarda da shi, amma dai a kai su. Aka ɗora Munzali da Sabiru a babur ɗaya sai gidan hakimi, Munzali na ta faɗin a ce wa yaransa kada wanda ya tashi daga kan keken ɗinki.

Fili ya watse kowa na gudu gida. Malam Harisu na tsaye shi kaɗai a gefen dutsen, duhu ya shigo, kuma in duhu ya yi ko ƙafar ba ta gane hanya sosai. Sai ya ji an kama masa hannu. Maigari ne.

"Tun bara, Harisu? Kullum muna sahu ɗaya ka kasa faɗa mini?"

"Kunya, ranka ya daɗe."

"Kunyar banza. Taka a hankali, akwai rami."

Har ƙofar gida ya kai shi. Shatu na tsaye a zaure, labari ya riga su isowa, ta karɓi hannunsa ta zaunar da shi ta sa masa kofin kunu a cikin tafinsa. Bayan isha'i aka ji sanarwa a rediyo, an ga wata a garuruwa da dama, gobe Sallah.

Bayan Sallah ɗansa Sama'ila ya zo daga Katsina ya tafi da shi asibitin ido. Likitoci suka ce yanar ido ce, ana cirewa. An yi masa ɗaya, ɗayan sai nan gaba, yanzu yana gane fuska in an matso, amma likita bai yi masa alkawarin zai sake ganin jaririn wata ba. Ya koma tufkarsa. Wasu sun daina ce masa Mai Wata, wasu ba su daina ba, shi dai duk wanda aka kira amsawa yake.

Don Allah wanda ya karanta ya sa shi a addu'a Allah ya buɗe masa ɗayan idon, kuma kada ya tsaya a wayarka, tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu tsoho a gida da ya fara kai hannu gefen kofi yana cewa ba komai.