Ranar da Iska ta Cinye Zakka

A duk ƙasar Ruma ba a taɓa yin mai riƙe oba-oba kamata ba. Idan na danna na'urar aika magana ɗin nan a ofishin dabbobi na Batsari, ko kurman da ke bayan dutse sai ya waiwayo. Haka nake gaya wa 'ya'yana, su kuma ba su nan lokacin, balle su musa.

Zamanin kuɗin fetur ne, gwamnati ta raba mana na'urorin. Aibinsu ɗaya: muryar tana tasowa kamar ruwan kwari, ta cika ɗaki, sai kuma ta janye, ka ji shuuu kamar ana suyar ƙosai. Kafin ta dawo an yi kalma uku ko huɗu.

Ni na samo maganin abin. Kowace kalma sai in faɗe ta sau uku a jere, in iska ta ci ɗaya, biyu na nan. Har suna na sa wa dabarar, wai Uku-Uku.

Mai karɓar saƙona a Safana taubashina ne, tsohon soja, ɗan gwaggona. Ba ya kirana da komai sai bawansa.

Shekarar da ciwo ya shiga shanu, aka turo masu allura daga Katsina. Maganin cikin ƙanƙara yake zuwa, in ta narke ya tashi aiki. Dole shanu su kasance a garin Zakka kafin mota ta iso. Na gyara zama, na danna.

"A tara, a tara, a tara. Shanu, shanu, shanu. Laraba, Laraba, Laraba. Zakka, Zakka, Zakka."

Ashe daidai Zakka ta farko muryar ta nutse, ba ta ɗago ba sai bayan ta uku. Duka ukun suka tafi tare kamar 'yan gida ɗaya. Taubashi ya so ya ce in maimaita, batirinsa ya mace a hannunsa. Sai ya yi abin da kowane mai hankali zai yi, ya aika wa Arɗo a kawo shanu Safana.

Ranar Laraba muna Zakka, mu da mota da ƙanƙara, babu ko ɗan maraƙi. Babban ma'aikaci yana duban akwatin ƙanƙarar yana dubana. Na hau babur. Na tarar da shanu sun cika Safana, in ce dubu goma ban yi ƙarya sosai ba, taubashi a gindin kuka yana cin gyaɗa.

"Bawana, ina masu allurar?"

"Suna Zakka, inda na ce maka har sau uku."

"Ka gaya wa aljanun dajin Ruma dai. Ka zuba irinka duka a rami guda, gafiya ɗaya ta cinye. Ka faɗi zancen ya ƙare, ka numfasa, ka sake daga farko, me zai ci ka?"

Na koma na jawo mota. Kafin la'asar ƙanƙara ta zama ruwa, garken ƙarshe bai samu ba, kuma na Arɗo ne, don shi ya bar talakawansa suka fara.

Na je ba shi haƙuri, na soma yi masa bayanin yadda iska take. Ya jingina da sandarsa, ya bari na gama tsaf.

"Malam, kullum kasuwar Batsari kai ke cika mana kunne," in ji shi. "Kalma ɗaya muka taɓa nema a bakinka, ita ce ba ta zo ba."