Hoton Riɗin Da Ya Kusa Raba Mana Gandu

Na manta abubuwa da yawa a rayuwa, har da rabin abin da aka koya mini a sakandare kafin in yi mata sallama ta katanga. Amma maganar hoton riɗin nan, ko haƙorana sun zube don tsufa, tana nan daram a kaina.

Lokacin ina 'yar buga-bugata a Dawanau, ina raka baƙin da ke zuwa sayen riɗi. Turancina dai na kam-hiya-go-diya ne, amma da shi nake cin tuwo. Wata kaka sai wani ɗan Chana da muka saba ya ce yana son ganin inda ake noma riɗin. Wata Baturiya mai yawon rubutu a kan abinci ta ce ita ma a tafi da ita. Ni kuwa sarkin iyayi na buga ƙirji na ce ai ga gonarmu.

To gonar gandu ce, ta kakanmu, tun rasuwarsa ba a raba ta ba. Baffa, yayan Babanmu, shi ne babba. Shi ke cewa a shuka, shi ke cewa a yanke. Ga birni kullum sai matso mu yake, dillalan fili na ta zarya a babur suna auna gonar da ido. Saboda haka a gidanmu kalmar "gonar wane" ba a wasa da ita.

Ranar da na kawo su ana gayyar yanka. Maza sun duƙa da lauje, wasu na ɗaure dami suna jinginawa, yara na kai kunu. Baffa na zaune a gindin ɗorawa saboda ciwon gwiwa. Baba kuwa, wanda wajensa na gaji baki, ya cafke Baturiya yana mata bayani da Hausa zalla, tana ta gyaɗa kai kamar tana ji. Ta matso daf da shi ta ɗauke shi hoto riƙe da dami. Shi kuwa ɗan Chana sai da ya je ya rusuna wa Baffa, sannan ya yi ta ja da baya har ya kusa faɗawa kunyar gyaɗar maƙwabta, ya ɗauke mu gaba ɗaya, har jakin da ke ɗaure.

Daga baya duk suka ɗora hotunan a shafin sada zumunta, kowa ya yi tagin irin nasa. Tagin dai shi ne ka liƙa wa hoto sunan mutum ko wasu kalmomi don a san abin da ke ciki. Baturiya ta liƙa "riɗi", "manomi", "mai gona". Da yake Baba ba shi da shafi, sai ta liƙa sunana, wai ɗan mai gona. Ɗan Chana kuwa ya sa "kaka", "ƙauye", "iyali", "aiki tare". Ko sunan mutum ɗaya bai ambata ba.

Abokai suka yi ta tsokanata, wai na zama ɗan mai gona na ƙasa da ƙasa, ina ba su amsa daidai da su. Ashe babban ɗan Baffa, wanda muke kira Yaya, ya gani. Ya je ya fassara wa mahaifinsa kalma bayan kalma, da alama ma ya ƙara gishiri.

Tun tasowata Baffa da Baba kwano ɗaya suke ci a ƙofar gida. Ranar sai aka shiga wa Baffa da nasa ɗaki. Washegari ma haka. Sai ga saƙo: da an kakkaɓe riɗi za a kira Malam a raba gona, tunda har duniya ta san mai ita.

Baba ya kira ni zaure.

"Kai, me ka je ka gaya wa mutanen duniya?"

"Wallahi Baba ba ni ba ne, Baturiyarka ce."

"Baturiyar ubanwa? Ni na kawo ta? Ka je ka gyara. Ni ban iya cin tuwo ni kaɗai ba."

Daga wannan maganar na gano bakin zaren. Ba gonar ce ta fi damunsa ba, yayansa ne.

Na kira Baturiya na haɗa ɗan Turancina. Mamaki ya kama ta. Ta ce ita abin da ke gaban hoto take sa wa suna: mutum ɗaya ne a ciki, shi ya yi mata bayani, a ƙasarsu wanda ya yi aiki shi ake ambata don a ba shi haƙƙinsa. Ta ba da haƙuri sosai, ta cire "mai gona". Amma an riga an karanta wa Baffa, kuma kunnensa ba shi da maɓallin gogewa.

Na samu ɗan Chana a kasuwa na ce, "Oga, kai me ya hana ka sa sunan kowa?"

Ya yi dariya, ya ce da 'yar Hausarsa ta Dawanau, "Suna ɗaya, sauran mutum kunya. Shi ma kunya. Ni sa iyali. Duka ciki."

Na ce to ga magani. Na kai wa Yaya hoton, na ce ga shi nan kowa ya fito. Ya kalla ya taɓe baki.

"Iyali? Iyalin wa? Ko a Chana ma akwai iyali. Ina sunan Baffa?"

A nan ne kaina ya buɗe. Ita ta zaɓi mutum ɗaya, shi ya haɗa kowa a dunƙule, mu kuwa ba ko ɗaya da ya dace da mu. A wurinmu tagin gaisuwa ce. Idan ka shiga taron suna ba ka gai da mutum ɗaya ka zauna, ba ka kuma ɗaga hannu ka ce sannunku ka wuce. Bi kake ɗaya bayan ɗaya, ka fara da babba.

Na roƙi ɗan Chana ya turo mini hoton, na ɗora a shafina. Na rubuta cewa gandun marigayi kakanmu ne, a hannun babbanmu Baffa, Allah Ya ƙara masa lafiya. Na yi tagin Yaya a madadin mahaifinsa, sannan na bi 'yan gida da 'yan gayya bisa girma. Sunana na sa a can ƙarshe. Ya yi mini ciwo, amma na daure.

Da la'asar Baba ya sa ni gaba har wajen Baffa. Muka durƙusa muka gaida shi, ya amsa a daƙile. Baba ya ce wa yayan nasa, "Yaron nan ya zo da karatu."

Baffa ya ce ɗansa ne zai karanta, don bai yarda da bakina ba. Yaya ya karanta tun daga sama, Baffa na lumshe ido yana bin sunayen. Da aka gama ya karɓi wayar, ya nisanta ta da fuskarsa, ya daɗe yana kallon kansa a gindin ɗorawa, kowa na aiki kewaye da shi.

"Ja'iri," ya ce, "jakin fa? Shi ya fi ka aiki ranar, ka bar shi ba suna."

Baba ya fashe da dariya har da tari. Baffa ya ɗaga murya ya ce a gaya wa mutanen cikin gida yau a ƙofar gida za a ajiye kwano. Maganar kiran Malam ba a sake ta ba. Har yau gandun na nan, dillalai na ta ƙona mai a banza.

Ni dai abin da na koya shi ne, waya iri ɗaya ce a hannun kowa, amma kowa da tarbiyyar gidansu yake latsa ta. Ban ga laifin Baturiya ba, ban ga na ɗan Chana ba. Sai dai tun ranar, duk baƙon da ya ɗaga waya a gonarmu, sai na riƙe masa hannu na ce, "Tsaya Oga, zo ka fara sanin waye babba a nan."