Jimlar da na sa Inna ta maimaita

Akwai wata safiyar Asabar da har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ban daɗe da fara koyar da Turanci a ajin matan aure da ke Yalwawa a Dutse ba, ga ƙuruciya, ga son a ce na iya.

Darasinmu a ranar shi ne jimlolin sharaɗi, masu farawa da "if". Na bayyana musu cewa akwai ta abin da ake sa ran zai faru, akwai kuma ta abin da ya wuce ba ya dawowa, irin "da na sani" tamu ta Hausa. Na ce kowa ta kawo misali.

A cikinsu akwai wata mata daga Garki da muke kira Inna, a shekaru ta isa ta haife ni. Jarrabawa take son ci don ta shiga makarantar aikin lafiya. Ta miƙe a hankali ta ce, "If I know the sickness, my daughter will not die."

Ni kuwa kuskuren kawai kunnena ya kama. Na ce, "A'a Inna. If I had known, she would not have died. Maimaita." Ta maimaita. Na ce ta sake. A karo na uku muryarta ta karye, ta rufe fuska da mayafi. Sai ta kusa da ita ta raɗa min cewa bara 'yar Inna ta rasu wajen haihuwa.

Allin hannuna ya faɗi. Na je na durƙusa a gabanta ina ba ta haƙuri.

Ta share ido ta ce, "Tashi Malama, ba ki sani ba. Amma wannan ta abin da ya wuce, kwana nake ina yin ta da Hausa, ba ta dawo min da ita ba. Koya min ɗayar."

Muka zauna tare har ta rubuta da hannunta cewa idan ta ci jarrabawa za ta taimaki matan garinsu. Ba ta ci ba a wannan shekarar, sai a ta gaba. Yanzu tana aiki a wani ƙaramin asibiti a can.

Tun daga ranar, in ɗaliba ta yi magana, sai na fara jin abin da take faɗa kafin in nemi inda ta yi kuskure.