Jarumin da Tela Ya Cuta

Jiya na tarar da jikana yana kallon wani jarumi mai tashi sama a waya. Fuska murtuk, jarumin ya kama abokin gabarsa ya karya masa wuya. Nan take Kakana ya faɗo mini a rai.

A shekarun saba'in, wani ɗalibin jami'a daga unguwar Kongo ya ba ni littafin zane na wannan jarumin. Babana ya gani, ya ce shirme ne, murhu zai jefa shi. Na ruga zauren Kaka a Ƙofar Jatau ina kuka. Yana zaune kan buzu yana wa babbar riga aiki, zauren na ƙamshin shuni da goro.

Kaka bai yi boko ba. Ya soke allurarsa a hula, ya bi hotunan da yatsa.

"Abokina, da ya kayar da mugun nan, kashe shi ya yi?"

"A'a, Kaka. Ɗaure shi ya yi, ya kai wa hukuma."

"Alhali yana iya murƙushe shi?"

"Da ɗan yatsa ma."

Ya dubi Babana da ke tsaye a bakin ƙofa. "Bar masa littafinsa. Mai ƙarfin da ya iya riƙe hannunsa malami ne." Ya sake leƙa hoton. "Sai dai telansa ya cuce shi, ya ɗora masa kamfai a kan wando."

Yanzu an gyara wa jarumin ɗinki, amma hannun ya kuɓuce.

Allah ya jiƙan Kaka, ya ba jikokinmu masu ƙarfin da za su koya musu sassauci.