Bargo Biyu da Na Lulluɓa wa Baba

Jiya a kasuwar Nguru ƙamshin bandar kifi ya buge ni, sai ga marigayi Babanmu a idona, zaune bakin kogi a Gashua yana gyaran komarsa.

Shi bai ɗauki zazzaɓi a bakin komai ba. In jikina ya yi zafi, yakan ɗora tafinsa mai kaushi a goshina ya ce, "Jikinta ne ke faɗa da cutar. A rufe ta, ta yi gumi." Kuma nakan tashi garau.

Lokacin da ƙayar kifi ta soke shi a yatsa, hannun ya kumbura, jikin ya ɗau zafi, ni ce a gida. Na dama masa kunun tsamiya, na lulluɓa masa bargo biyu. Haƙoransa na kaɗawa ya ce, "'Yar nan, wannan karon kamar daban ne." Na yi dariya na ce, "Haba Baba, ba kai ka koya mana ba?" Kwana uku ina jiran gumi.

A asibiti likita ta ce lallai jiki na yaƙar cuta, amma in yaƙin ya wuce kima yakan juyo kan mai jikin, kuma na Baba ya riga ya lalata masa ƙoda. Ba ta zarge ni ba. Ta dai tambaye ni kwana nawa ya yi a haka, na faɗa.

Ya Allah, Ka sanyaya makwancinsa. Ni kuma da ya gaya wa gaskiya na yi dariya, Ka yafe mini.