Baba Ummaru, Bakaniken da Ya Cire Takalminsa

Ina wurin aiki a Sakkwato ƙanena ya bugo waya daga Sabon Birni. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce Baba Ummaru bakanike ya rasu bayan sallar asuba, za a kai shi kafin azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban samu jana'iza ba, sai zaman makoki.

Mutanen da suka cika rumfar sun yi ta ambaton motocin da ya tayar, daga na Isa har na Burkusuma. Ni mota ɗaya nake tunawa. Wata jar ƙaramar motar tsere ce mai kujera biyu, wadda mahaifina ya samu hannun wani Bature mai sayen gyaɗa, ta shekara da shekaru a bayan gida kaji na ƙwai a cikinta.

A shekarun fari ciwon suga ya kama mahaifina, ƙafafunsa suka daina jin zafi ko sanyi. Dole duk wata ya ga likita a Sakkwato, ga manyan motoci sun koma jigilar hatsi. Baba Ummaru, abokinsa tun ƙuruciya, ya ja jar motar zuwa garejinsa ya tayar da injin. Amma shimfiɗar da ke tare zafi da ƙara, wadda ke tsakanin inji da ƙafar mutum, ɓeraye sun cinye ta. Ya so a jira, mahaifina ya ƙi.

Ni na tuƙa. Ƙarar ta hana mu jin juna, shi kuwa ya tuɓe takalmi ya ɗora ƙafa kan ƙarfe bai sani ba. Da muka isa, tafin ƙafarsa ya sale. Likita ya ce in ta sake ƙonewa, yanke ta za a yi.

Da muka dawo Baba Ummaru ya daɗe yana kallon ƙafar. Ya ce, "Alhaji, wanga aiki nau na. Motar da ta ci mai ita ba a gama gyaranta ba."

Mahaifina ya ce, "To ka ga ta cika naka gyara, har gashin ƙahwa takai."

"Kai dai tun muna yara ba ka da haƙuri. Wanga karo ko sarki ka aiko, ba ni ba da makulli."

Ba a samun irin wannan shimfiɗa ko a Kano. Wasu suka ba shi shawarar audugar rimi. Ya ɗebo ta ya ɗora mata garwashi a gaban kowa, ta kama nan take. Sai ya hau babur zuwa Burkusuma, inda Buzaye suka sauko da raƙumansu da fari ya ramar, ya dawo da buhun gashin raƙumi. Da ya ɗora masa garwashi, ƙauri kawai ya yi ya mutu. Ya wanke shi da sabulu, ya sa aka daka har ya cure, ya kai wa wani mai ɗinkin akumari da ya rasa aiki saboda jakuna sun ƙare. Shi ya ɗinke shi falle-falle daidai ƙasan motar da bangon inji. A kan salansa kuma, wato bututun hayaƙin motar, Baba Ummaru ya kafa kwanon garwa, ya bar ratar yatsa biyu. Yakan ce, "Zahi ba a kokawa da shi, hanya aka ba shi ya wuce."

Ranar gwaji ya jira rana ta take. Ya cire takalminsa ya zauna a kujerar mahaifina, ya ce mini, "Ɗana, Isa za mu, kuma kada ka tausaya mata." Muka je muka dawo ƙafarsa a ƙasa. A hanya yana ba ni labarin tsohon birnin Alƙalawa a hankali, ina jin kowace kalma. Da muka tsaya ya ɗaga tafin ƙafarsa ya nuna wa mahaifina. "Taɓa ka ji. Da hannu, ba da wagga ƙahwa taka maras kunya ba."

Mun yi ta zuwa Sakkwato har fari ya wuce, ƙunar ta warke. Mahaifina ya rasu da ƙafafunsa biyu, da su yake takawa masallaci har makonsa na ƙarshe. A aikin jarida na haɗu da injiniyoyi da yawa, kuma ina alfahari in faɗa cewa wannan mutum ɗan garinmu ne.

Allah ya jiƙan Baba Ummaru, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya ba matarsa Inna Hajo da 'ya'yansa haƙurin wannan rashi, ya albarkaci zuriyarsa, ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.